Ƙwallo, Bita da Ƙofar Koleji: Matasa Ƴan Gudun Hijira a Jihar Maraɗi

Akwai ra'ayin da ya samu karɓuwa a tarukan ƙungiyoyin agaji game da matasan da rikicin ƴan bindiga ya koro daga Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi. Masu shi suna cewa tunda Hausawa ne suka sauka a wajen Hausawa, babu wata katangar harshe ko ta al'ada, saboda haka abin da ya rage shi ne a cika wa matasa lokaci da gasar ƙwallo da bitar shugabanci ta ƴan kwanaki, karatun sakandare kuwa ya jira ranar komawa gida. Tarihin hijirar sananne ne, kamar yadda hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƴan gudun hijira (HCR) ta bayyana a 2019: fiye da mutum 40,000 sun ƙetaro kafin ƙarshen Satumban 2019, akasarinsu zuwa gundumomin Gidan Rumji da Madarumfa, daga baya aka matsar da wasu nesa da iyaka zuwa Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakwari. A ganina wannan ra'ayi ya ɗauki harshen kasuwa a matsayin harshen aji, kuma daga nan kuskurensa ya faro.

Yaron da ya baro Sabon Birni ko Jibiya yana aji biyu na ƙaramar sakandare zai yi ciniki a kasuwar Tsibiri ba tare da tafinta ba. Amma lakwal, wato makarantar boko, ba da Hausa take tafiya ba. A Najeriya ya yi firamare shekara 6 da Ingilishi, yana hangen shekara 3 da wasu 3 kafin jarrabawar WAEC ko NECO. A Nijar firamare shekara 6 ce, koleji 4 har zuwa jarrabawar birbe, lise 3 har zuwa jarrabawar bak, kuma da Faransanci ake rubuta jarrabawar. Ɗan shekara 14 da bai san gaisuwa da Faransanci ba, ko dai a zaunar da shi a kan tabarma tare da ƴan shekara 8, ko ya haƙura. Da yawa haƙura za su yi, don kunyar ƙanne ta fi bulalar malami ciwo. Azuzuwan gaggawa na wata 9 da ake yi a Nijar, waɗanda ke farawa da harshen gida kafin a shiga Faransanci, an tsara su ne don yara masu shekara 8 zuwa 12. Wanda ya wuce haka ya faɗa rami tsakanin tsari biyu. Gaskiya ne kundin mulkin Nijar da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, sai dai doka daban, littafin lissafi na ajin koleji daban.

Masu wancan ra'ayi suna da hujja mai nauyi, kuma bai kamata a wofintar da ita ba. Suna cewa: me zai sa a nema wa baƙo abin da ɗan gida bai samu ba? A nan ne Tasawa da Mayahi suke da amfani ga muhawarar, duk da cewa ba su ne masaukin yawancin ƴan hijirar ba. Gundumomi ne da ke nuna yadda koleji take ga ɗan ƙasa a inda babu harbe-harbe. Yaron ƙauye da ya gama firamare sau da yawa sai ya koma wani gari, uba ya nema masa mai masauki, ya riƙa aiko da tiyar hatsi. Yarinya kuwa ita ce mai daka da ɗebo ruwa a gidan da ta sauka, ta shiga aji da barci a ido, in an kore ta saboda rashin maki sai maganar aure ta taso. Rani na yi, samari su kama hanyar Kano ko Agadas. Gobarar da ta hallaka yara fiye da 20 a azuzuwan zana a birnin Maraɗi a Nuwamban 2021 ta nuna cewa ko ginin aji bai wadata ba. Duk wannan haka yake. Amma hujjar, in an bi ta har ƙarshe, tana juyawa kan masu ita: idan ɗan Mayahi mai dangi a gari da rumbu a gida yana faɗuwa a wannan mataki, ina ga wanda ya bar gona da shanu a hannun ɓarayi, wataƙila ko takardar haihuwa bai fito da ita ba? Abin da hujjar ke nema shi ne aji da ɗakin kwana da kantin abinci da ɗan gida da baƙo za su shiga tare. Ba ta ce a sallami baƙo da riga mai lamba ba.

Dole kuwa a taƙaita iƙirarin. Yankunan da aka koro mutanen nan suna cikin waɗanda karatun boko ya fi ƙaranci a Najeriya, kuma matasa da dama allo kaɗai suka sani. Maganar koleji ba ta shafe su kai tsaye ba. Makarantun Faransanci da Larabci, da Nijar ta sani tun madarasar Sayi ta 1957, da cibiyoyin koyon sana'a sun fi kusa da su. Abin da nake karewa ya tsaya ne a kan waɗanda suka riga suka fara, kuma game da su akwai misali a cikin ƙasa: a Difa an buɗe cibiyoyin da ƴan hijirar Barno suka ci gaba da manhajar Najeriya da Ingilishi. Ko wannan hanya ko shekara guda ta koyon Faransanci zalla, kowace ta fi jira. Waɗanda suka zo a 2019 suna da shekara 12 sun riga sun wuce shekarun koleji.

Wasa da horon shugabanci ba abin rainawa ba ne a ƙasar da ta san samariya da sarkin samari, kuma filin kokawar Maraɗi ke ɗauke da sunan Kantu, wanda ya ɗauki takobin gasar kokawa ta ƙasa a 1975. Kokawa da langa ma sun fi ƙwallo sauƙin kuɗi, kuma ƴan Gobir na ɓangarorin iyaka biyu sun gaje su. Matsalar ita ce gasa tana da saurin ƙirgawa a rahoto, a ɗauki hoto a raba kofi, alhali shekarar koleji tsada gare ta kuma sakamakonta sai an jima. Shugabancin da ake koyo a kwamitin ɗalibai, inda za a yi rigima kan layin abinci a kuma sasanta, ya fi na takardar shaidar bita zama a jiki. Tallafin DAFI da Jamus ke bayarwa tun 1992 don karatun jami'a, da ƙofar Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, duk sai mai takardar gama sakandare. Ya kamata hukumomin ilimi na jiha da masu ba da kuɗi su ɗaura kowane filin wasa da kowace bita a jikin wata koleji, su fara biyan kuɗin aji da masauki kafin kuɗin kofi.