Tarihin cinikin dabino: yadda kasuwa take sauya hannu

Kowa ya san dabino, balle lokacin azumi. Amma dabino yana da tarihi mai koya wa manomi hankali.

A da, Iraƙi ita ce uwar dabino a duniya. Tana da itacen dabino wajen miliyan 30. Kowace kaka, jiragen ruwa suna lodi a garin Basra, su kai Indiya da Ingila da Amurka. Mutanen Amurka saye kawai suke yi, ba su noma shi.

Sai gwamnatin Amurka ta aiki masana aikin gona su nemo iri. A shekarar 1900, wani mai suna Walter Swingle ya kwaso ƙananan dabinai daga Aljeriya, irin da ake kira Dagalat Nur. A 1927 ya ɗebo guda 11 daga Maroko, irin Majhul, lokacin da wata cuta mai suna bayud take kashe dabinan ƙasar. Guda 9 suka rayu. Aka dasa su, suka yaɗu cikin hamadar Kaliforniya. Manoman can suka haɗa kai, suna tsince dabino, su wanke, su ware manya da ƙanana, su zuba cikin kwali mai tsabta. Da haka mai saye ya koma mai sayarwa.

Iraƙi kuwa, yaƙinta da Iran daga 1980 zuwa 1988 ya halaka gonakin Basra. Ruwan gishiri ya ƙara kashe saura. Masu saye ba su jira ta ba, suka juya wajen Tunisiya da Saudiyya da wasu ƙasashe.

Mu ma a Nijar muna da dabino a Kawar da Jado da Fashi da Abzin. Tun kaka da kakanni ayarin raƙuma yake kai gero Bilma, ya komo da gishiri da dabino. Amma yau manyan motoci suna shigo da dabinon Aljeriya ta Agadas, har Damagaram da Maradi, namu kuwa yana fama da nisa da rashin hanya.

Kasuwa ba gadon kowa ba ce. Mai iri nagari, mai kaya tsabtatacce, mai hanyar kai shi da wuri, shi ke riƙe ta. Ku tattauna wannan a ajinku: wane amfanin gonarmu ne za mu gyara, kafin wani ya karɓe mana masu saye?