Daga faifan garmaho zuwa kwamfuta: tarihin adana muryoyi da abin da ya shafi mai nazarin hausa

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan rubutu za mu bi tarihin faifai a taƙaice, sannan mu nuna dalilin da ya sa mayar da shi cikin kwamfuta ya zama aikin masana harshe su ma. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Saboda haka faifai ne babbar shaidar da ta rage mana game da furucin mutanen da suka riga mu.

2. Zamunan faifai

Thomas Edison ya ƙera na'urar ɗaukar magana a 1877, Emile Berliner kuma ya fito da garmaho mai shimfiɗaɗɗen faifai a 1887. Nan da nan masana suka gane amfaninsu: an buɗe ma'ajiyar sauti ta Biyana a 1899, ta Barlin a 1900. Faifan farko na wani irin ƙaro ne mai saurin fashewa, yana juyi kusan 78 a minti, gefe guda kuma bai cika wuce minti uku zuwa huɗu ba. A irinsa ne kamfanin Zonophone ya ɗauki waƙoƙin Afirka ta Yamma a Landan daga 1927, har da na hausa.

A 1948 kamfanin Columbia ya kawo faifan roba mai juyi 33⅓, a 1949 RCA Victor ya kawo mai juyi 45. A faifan roba ne Ocora ta Faransa ta fitar da kiɗan Nijar da Tolia Nikiprowetzky ya ɗauka a shekarun 1960, haka ma kiɗan Hausawan Nijeriya da David Ames ya ɗauka ya fito cikin jerin faya-fayan UNESCO. Kaset na Philips ya zo a 1963, faifan CD a 1982. Sannu a hankali garmaho ya fita daga gidaje.

3. Yadda ake mayarwa

Aikin yana buƙatar garmaho mai kyau, da na'urar ƙara ƙarfin sauti, da wadda ke mayar da sauti lambobi, da manhajar ɗauka irin Audacity, wadda ta fito a 2000. Ma'aunin CD shi ne awon sauti sau 44.100 a daƙiƙa. Ƙungiyar ma'ajiyoyin sauti ta duniya, IASA, ta ba da shawarar sau 96.000 ga kofin da za a adana.

Kowane zamani da nasa sharaɗi. Layin faifan 78 ya fi faɗi, don haka yana son allura mai kauri. Barasa tana narkar da shi, ba a wanke shi da ita. Ma'aunin gyaran sauti na RIAA kuwa sai a 1954 aka tsayar da shi. Kafin nan kowane kamfani da nasa, in aka ɗora na RIAA a kan tsohon faifai murya takan canza.

4. Inda harshe ya shigo

Abu na farko shi ne gudu. Faya-fayan farko ba duka ke juyi 78 daidai ba. Idan gudu ya ƙaru, murya takan ɗaga, wasula su gajarce. Bambancin gari na zama da gari na tuwo ba zai ɓace ba, tunda komai ya gajarce tare, amma duk wani awo na tsawon wasali ko tsayin murya ya zama ƙarya. Idan kuma ramin tsakiya ya karkace, murya za ta riƙa hawa da sauka a kowane juyi, mai nazari ya ɗauka karin jimla ne.

Na biyu shi ne share ƙara. Manhaja tana neman ƙas-ƙas ɗin karce ta cire shi. To, fashewar baƙaƙe tunkuɗau, wato ƙ da ts, ta yi kama da wannan ƙas-ƙas, zuzau irin s da sh kuma sun yi kama da shuu ɗin tsohon faifai. Mai share faifai don daɗin kunne yana iya share abin da muka zo nema. Ƙa'ida ita ce a adana kofi na farko yadda ya fito, a rubuta gudu da irin allurar da aka sa, a yi gyara a kan kofi na biyu.

5. Kammalawa

Zafin bazara yana lanƙwasa faifan roba, ƙurar hunturu tana cin layinsa, masu gyaran garmaho kuma sai raguwa suke. Muna da CELHTO, wadda aka kafa a Yamai a 1968, da IRSH, da ma'ajiyar gidan rediyon ƙasa. Shawararmu ita ce ɗalibanmu su fara da ƙidaya: wane faifai ke ina, wa ya yi magana ko waƙa, a wace shekara, da wane karin harshe, aderanci ne ko damagaranci ko arewanci. In babu wannan bayani, sautin da aka ceto ba zai zama hujja ba a nazarin tarihin hausa.