Daga Masaƙun Kakuri Zuwa Layin Biza: Wa Ke Auna Gwanintar Hannu?

Duk wanda ya haye gadar kogin Kaduna ya nufi kudu, ya wuce tashar jirgin ƙasa zuwa Kakuri da Makera, zai bi ta gindin dogayen katangu waɗanda a da jiniyarsu ce ke tsara wa dubban gidaje lokacin tashi da na kwanciya. An saba ba da labarin waɗannan masana'antu ta fuskar auduga da atamfa, da ƙarancin wuta da fasa-ƙwauri. Akwai wani ɓangare da ba a cika taɓowa ba, wato labarin baƙin ƙwararru da kamfanoni suka ɗauko daga ƙasashen waje bisa izinin aiki na wucin gadi, da sharaɗin da gwamnati ta gindaya kafin ta bar su su shigo. Tarihin wannan yanki yana nuna cewa Nijeriya ta daɗe tana ƙidaya kawunan baƙi, amma ta yi sakaci wajen auna gwanintar da aka kawo su dominta da wadda suka bari a hannun 'yan ƙasa. Wannan sakaci shi ne ke bin 'ya'yan Kakuri har yau, yanzu da su ne ke neman bizar aiki a ƙasashen wasu.

Ba da ka aka zaɓi Kakuri ba. A kudancin kogin ne layin dogo na Legas zuwa Kano ya haɗu da na Fatakwal, ga ruwan da masaƙa ke sha kamar raƙumi wajen wanki da rini, ga audugar Zariya da Funtuwa da Gusau a kusa. Gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello ta haɗa hannu da kamfanin David Whitehead and Sons na Lankasha a Ingila, aka buɗe masaƙar KTL a 1957. Nortex ta biyo baya a 1962. A 1964 aka kafa masana'antar ƙera makamai ta DICON, wadda kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma ya gina, kuma a shekarar ne attajirin Hong Kong Cha Chi Ming ya kafa UNTL, wadda daga baya ta zama masaƙa mafi girma a ƙasar. Arewa Textiles ta fara aiki a 1965 da jarin gamayyar kamfanonin kaɗi na Japan. A 1975 Peugeot ta soma haɗa motoci a nan Kakuri, sannan a 1980 aka ƙaddamar da matatar mai ta Kaduna, can gaba a hanyar Kachiya, wadda kamfanin Chiyoda na Japan ya gina. Cikin shekara 23 kacal, yanki guda ya karɓi injiniyoyi da masu sarrafa na'ura daga Ingila da Jamus da Hong Kong da Japan da Faransa. Kowane kamfani ya zo da injinansa, da ma'auninsa, da irin yadda yake koyar da aiki.

Ƙa'idar shigowarsu ba ta da wuyar fahimta. Dokar Shige da Fice ta 1963 ta hana baƙo kama aiki ba tare da izinin hukuma ba, ta kuma ɗora wa kamfani nauyin nemo izinin da ɗaukar alhakin mutumin da ya kawo. Kamfani kan rubuta wa Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ya lissafa guraben da yake cewa babu ɗan ƙasa da zai iya riƙe su, ma'aikatar ta ba shi kason baƙi na wasu shekaru, wanda ake sabuntawa. Izinin na gurbi ne a kamfanin, ba na mutum ba. Ranar da baƙo ya bar aikin, dalilin zamansa ya ƙare. Akwai kuma gajeren izini ga wanda aka gayyato ya kafa inji ko ya gyara shi ya koma. Dokar 2015 da ta maye gurbin ta 1963 ta riƙe wannan ginshiƙi. Sharaɗin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne a haɗa kowane baƙo da 'yan ƙasa masu koyon aikinsa, biyu a ƙa'idar yanzu, domin su gaje shi idan wa'adinsa ya cika.

Tsari ne mai hikima a takarda, sai dai ya tsaya a kan tambayoyi biyu da ba a tanadi mai amsa su ba. Ta farko: da me aka tabbatar cewa babu ɗan ƙasa mai wannan gwaninta? Ta biyu: wa zai ce mai koyo ya kai ya karɓi gurbin? A duka biyun, maganar kamfani ita ce hujja, alhali kamfanin ne ke da buƙatar a sabunta masa kaso. Likita da injiniya suna da majalisun da ke yi musu rajista. Ta injiniyoyi, COREN, tun 1970 take. Amma matsakaitan sana'o'in da masana'anta ke tsaye a kansu, irin su mai daidaita injin saƙa, da mai haɗa rini, da mai kula da tukunyar tururi, da mai sassaƙa ƙarfe a kan inji, ba su da wata majalisa mai irin wannan ƙarfi. Ba za a ce gwamnati ta naɗe hannu ba. Ta kafa asusun horas da ma'aikata na ITF a 1971, wanda kamfanoni ke zuba wa wani kaso na albashin da suke biya. Ta yi dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa a 1972 da 1977. Ta kafa hukumar ilimin fasaha ta NBTE a 1977, hedkwatarta ma a Kaduna take. Ma'aikatar Ƙwadago kuma ta daɗe tana yin jarrabawar sana'a mai matakai 3. Illa dai dokokin 1972 da 1977 maganar hannun jari suka yi, wato wa ya mallaki inji, sauran hukumomin kuma kowacce ta kama gabanta, babu igiyar da ta ɗaure sabunta izinin baƙo da sakamakon gwajin da aka yi wa mai koyonsa.

Duk da haka gwanintar ta sauka, kuma wannan shi ne abin da ya fi ciwo a labarin. Baƙi 'yan kaɗan ne a kowace masaƙa. Dubban 'yan Nijeriya ne suka riƙe kaɗi da saƙa da rini da buga zane dare da rana na tsawon shekaru, har masaƙu suka zama masana'antun da suka fi ɗaukar ma'aikata a ƙasar nan. Daga Arewa Textiles ne Adams Oshiomhole ya taso har ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu a 1982, ƙungiyar da ke da mazauni a Kaduna. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da Jami'ar Ahmadu Bello sun yaye masana harkar saƙa, wasu ma'aikatan kuma sun zauna jarrabawar sana'a. Amma mutumin da ya shiga a lebura, ya koyi inji a gefen Bajapane ko Bature, ya zama heluma, har ya kai ana tashinsa da tsakar dare idan inji ya ƙi, darajarsa tana cikin fayil ɗin kamfani ne da bakin abokan aikinsa. Da KTL ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, da yawa suka rasu ba su karɓa ba. Arewa Textiles ta bi sahu, UNTL ta tsaya a 2007, kuma farfaɗowar da aka yi mata a 2010 ba ta mayar da ita yadda take ba. Kamfanin da ya mutu ba ya rubuta wa kowa takardar shaida. Gwanin shekara 20 ya fito ƙofa ya koma acaba ko gadi, ba shi da abin nunawa sai katin aikin da ya daina amfani.

Yau ƙofar ta juya. Matasan Barnawa da Nasarawa da Sabon Tasha ne ke tambayar yadda ake samun kamfanin da zai ɗauki nauyinsu a waje, kuma ƙasashen da suke hange sun gina ainihin abin da mu muka tsallake. Ostareliya ta fito da bizar aiki mai lamba 457 a 1996, ta maye ta da 482 a 2018, sannan a Disambar 2024 ta sake mata fasali da jerin sana'o'i 456 da kamfani zai iya ɗauko baƙo a kansu. A wasu sana'o'in hannu sai hukumar tantancewa ta ga takardun horo da shaidar biyan albashi, ta yi wa mutum tambayoyin aiki, wani lokaci ta sa shi ya yi aikin a gaban mai gwaji. A Birtaniya, dole kamfani ya mallaki lasisin ɗaukar nauyi, aikin kuma ya kasance cikin jerin da aka amince da shi. A Yulin 2025 aka ɗaga matakin ƙwarewar da ake buƙata zuwa na digiri ga yawancin ayyuka, aka kuma rufe ɗauko masu kula da tsofaffi daga waje, hanyar da 'yan Nijeriya da yawa suka bi. Saudiyya, wadda ta fi kusa da zuciyar Bahaushe, ta soma gwada masu sana'a a 2021, rubutu da aikin hannu, kuma masu walda da gyaran wuta da aikin famfo daga ƙasashe irin su Pakistan da Indiya suna zauna gwajin tun a gida. Jerin sana'o'in kan sauya da siyasar kowace ƙasa, wannan ba ya hannunmu. Abin da ke hannunmu shi ne shaida, kuma mai waldar da ya koyi aiki a shagon tsohon ma'aikacin Peugeot, aka yaye shi da addu'a da lemo, ba shi da takardar albashi ko ɗaya, komai kyan ɗinkin ƙarfensa.

Wani zai ce an ɗora wa takarda laifin da ba nata ba, domin ba rashin satifiket ne ya kashe masaƙun Kakuri ba. Gaskiya ne. Wutar lantarki ta gaza, baƙin mai ya yi tsada, injuna sun tsufa, an ɗage haramcin shigo da yadi a 1997, atamfar Sin ta kwararo ta iyakar Nijar da Binin. Da kowane ma'aikaci yana da takarda goma, da masaƙun sun rufe. Amma tambayar da ke gabanmu ita ce abin da ya rage wa ma'aikaci bayan rufewar. Masana'antu suna mutuwa a ko'ina. Lankasha da ta koya mana saƙar inji ita ma masaƙunta sun mutu. Takardar da wata hukuma mai zaman kanta ta bayar bayan gwaji tana rayuwa bayan kamfani, mai ita ya ɗauke ta zuwa Kano ko Legas ko Jidda. Wani kuma zai ce takarda ba ita ce iyawa ba, kuma a ƙasar da ake iya sayen shaida a bayan fage, ƙara wata takarda ƙara kasuwar cuwa-cuwa ce. Wannan ƙorafi yana da nauyi, amma abin da yake nema shi ne gwaji na gaske, a gaban inji, a hannun wanda ya san aikin, domin sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne cewa inganta tantancewa tamkar share wa gwanayenmu hanyar ficewa ne, kamar yadda likitoci da ma'aikatan jinya ke tafiya. Babu shakka wasu za su tafi. Sai dai mai walda marar shaida ma yana tafiya, ta hannun dillalai ko ta Agadas, ya je ya yi aikin gwani a kan kuɗin lebura, ba shi da bakin kai ƙara. Kuma ma'aunin da ke buɗe wa namu ƙofar fita shi ne ke ba gwamnati ikon tsare ƙofar shigowa. A Fabrairun 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Umarnin Shugaban Ƙasa na 5, wanda ya hana ba da biza ga baƙon da ake da masu gwanintarsa a gida. Umarni ne mai kyau, amma jami'in da ke duba buƙatar kamfani ba zai iya cewa akwai ɗan ƙasa ba sai yana da rajistar mutanen da aka gwada. A Fabrairun 2024 gwamnatin Bola Tinubu ta sa harajin dala 15,000 a shekara kan kowane darakta baƙo da 10,000 kan sauran ma'aikata baƙi, aka dakatar da shi a Maris bayan koken masu masana'antu. Haraji ma ƙidayar kawuna ce. Bai bambance baƙon da ya zo da ilimin da babu shi a nan da wanda ya zo yin aikin da yaran Kakuri suka iya tun zamanin KTL.

An fara gyara, ko da yake a makare. Tsarin matakan ƙwarewa na ƙasa da aka amince da shi a 2013, wanda NBTE ke jagoranta, ya yarda a gwada mutum a kan abin da ya koya a shago ko a masana'anta, a ba shi shaida ko bai taɓa zama a aji ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta soma wannan aiki da masu sana'ar kasuwar Panteka a ɗaya tsallaken kogin. Ayyuka biyu ne suka rage. A ɗaure sabunta kason baƙi da sakamakon irin wannan gwaji, ta yadda kamfanin da masu koyonsa ba su ci ba zai yi bayani, wanda kuma suka ci zai miƙa gurbin. Sannan a nemi yarjejeniya da ƙasashen da ke ɗaukar ma'aikata, musamman Saudiyya, domin a riƙa yin gwajinsu a nan gida. Duka biyun suna buƙatar masu gwaji da suka san ƙarfe da zare da tururi a hannu, kuma irinsu suna nan a Kakuri da Makera da Tirkaniya. Wanda ya shiga masaƙa yana ɗan shekara 20 a 1980 ya haura 60 yanzu.