Ɗakin Labarai a Tsallaken Gada

Yau za mu ɗan ajiye maganar ƙa'idojin rubutu, mu tsallaka kogin Kaduna zuwa wani ɗan ɗaki da muka yi shekara biyu muna shiga muna fita lokacin da muke karatun difloma a fannin aikin jarida. Ɗakin labaran talabijin ne na gwaji, mai dogon tebur guda, da 'yan kwamfutoci, da kyamarar da kowa ke jiran layinsa ya zo. A can muka samu abin da ya fi amfanar alƙalaminmu har gobe, kuma daga hannun abokai muka same shi. Amma kafin mu shiga, bari mu faɗi yadda aka yi ɗaki irin wannan ya samu, da irin garin da ya tsinci kansa a ciki.

Talabijin ya fara aiki a Nijeriya ranar 31 ga Oktoba, 1959, a Ibadan, ƙarƙashin gwamnatin Jihar Yamma ta Cif Obafemi Awolowo. Enugu ta biyo baya a 1960. Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna, Sa Ahmadu Bello, ba ta yarda a bar ta a baya ba. Ta haɗa hannu da kamfanoni biyu na Ingila, EMI da Granada, aka kafa kamfanin watsa labarai na Arewa, wato BCNN, wanda ya fara aiki a watan Maris na 1962 da rediyo da talabijin a haɗe. Shi ne iyayenmu ke kira Rediyo Talabijin Kaduna.

A garin kuma akwai wata makarantar koyon fasaha da aka buɗe tun 1956, wadda a 1968 ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Da aka raba Arewa zuwa jihohi shida a 1967, gidan watsa labaran da kwalejin suna cikin kadarorin da jihohin suka ci gaba da riƙewa tare. Daga baya talabijin ɗin ya koma ƙarƙashin NTA a 1977, rediyon ya shiga FRCN a 1978, kwalejin kuma gwamnatin tarayya ta karɓe ta a 1991.

Abin lura a nan shi ne, duka biyun an gina su ne don Arewa baki ɗaya, daga Sakkwato zuwa Makurdi, daga Ilori zuwa Maiduguri. Saboda haka waɗanda suka cika su ba 'yan gari ɗaya ba ne. Ku dubi marigayi Usman Baba Pategi, wanda duniya ta sani da Samanja. Banufe ne daga Pategi, tsohon soja, kuma Hausar bariki da ya yi wasa da ita ta sa har wanda bai ƙware a Hausa ba ya ji wasan nasa ne. A gefensa ga marigayi Ƙasimu Yero, Bazazzagi, mai Hausa tsantsa. Akwatin talabijin ɗaya ya ɗauke su duka, masu kallo kuma ba su ga wani abin mamaki a ciki ba.

To yaya aka yi ɗalibai suka samu nasu ɗakin labarai? NTA ta buɗe kwalejin horar da ma'aikatan talabijin a Jos a 1980. Hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha, wadda aka kafa a 1977 kuma hedikwatarta ke nan Kaduna, ba ta amincewa da kwas ɗin aikin jarida sai makaranta ta tanadi situdiyo da ɗakin labarai inda ɗalibi zai taɓa aikin da hannunsa. Sannan a 1992 gwamnatin soja ta fitar da doka ta 38, wadda ta kafa hukumar NBC ta kuma buɗe ƙofa ga gidajen rediyo da talabijin masu zaman kansu. DITV ta buɗe a Kaduna cikin shekarun 1990, wasu suka biyo ta. Guraben aiki suka ƙaru, matasa suka yi tururuwa zuwa wannan fanni.

Yanzu mu dubi inda ɗakinmu yake. Kudancin kogin Kaduna yankin ma'aikata ne tun asali. A nan babbar tashar jirgin ƙasa take, inda layin Legas da na Fatakwal suka haɗu. A Kakuri aka buɗe masaƙar KTL a 1957, UNTL ta zo a 1964, ga Arewa Textiles, ga kamfanin haɗa motocin Peugeot da ya fara aiki a 1975, ga matatar mai a kan hanyar Kachia a 1980. Dubban mutane daga kowace kusurwa suka zauna a Kakuri da Makera da Nasarawa, gidan haya ɗaya, famfo ɗaya, Hausa ce ke haɗa su.

Sai abubuwa biyu suka faɗo wa garin kusan lokaci guda. Masaƙun suka durƙushe: KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007. Rikicin da ya ɓarke a watan Fabrairu na 2000 kan batun shari'a kuma ya ci rayuka fiye da 1,000. Bayansa mutane suka riƙa kwashe kayansu, Musulmi da yawa suka koma arewacin kogi, Kiristoci da yawa suka koma kudu. A watan Nuwamba na 2002 wata jimla da jaridar ThisDay ta buga game da gasar sarauniyar kyau ta duniya ta taɓa martabar Manzon Allah (SAW). Aka ƙona ofishin jaridar na Kaduna, aka kwana uku ana zubar da jini, fiye da mutum 200 suka mutu, yawancinsu ba su ma taɓa ganin jaridar ba. Akwai tsohon miki, akwai siyasa, akwai zaman kashe wando, kuma babu abin da zai halatta kashe wanda bai ji ba bai gani ba. Duk da haka, duk mai riƙe da alƙalami a garin nan ya kamata ya tuna cewa jimla ce ta zama ashanar. Magana zarar bunu ce.

A lokacin wasu daga cikinmu muna goye, wasu ba a haife su ba. Mun tashi mun tarar da gari biyu mai suna ɗaya. Akwai cikinmu wanda ya kai shekara goma sha takwas a Tudun Wada bai taɓa taka Sabon Tasha ba, akwai wadda ta girma a Narayi tana jin sunan Rigasa kamar wata ƙasa. Ranar da muka fara hawa bas daga kasuwa, kwandasta yana kiran Kakuri, Television, Sabo, iyayenmu mata sai da suka ja mana kunne: kada magariba ta same ku a tsallake. Daga baya muka gano cewa irin wannan jan kunnen aka yi wa abokan karatunmu na kudu game da namu ɓangaren.

Aikin talabijin ba ya yiwuwa da mutum ɗaya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Malami zai raba aji rukuni-rukuni bisa jerin sunaye, ba ruwansa da wa ke shiri da wa. Ɗaya ya riƙe kyamara, ɗaya makirufo, ɗaya ya rubuta, ɗaya ya tace hoto, ɗaya ya karanta, mako mai zuwa a juya. Rahoto minti ɗaya da rabi ne, ba ƙari. Idan marubuci ya tsawaita, mai karantawa ce za ta shaƙe a gaban kyamara. Idan mai ɗaukar hoto ya manta bai saka batir a caji ba, makin kowa ya tafi. Wanda za ka ci ko ka faɗi tare da shi, dole ka san lambarsa, ka san motar da yake hawa, ka san dalilin da ya sa ya makara. Daga nan gaisuwa ta koma raha, raha ta koma cin awara da gurasa a faranti ɗaya.

Rahotonmu na farko a waje, kan rufaffun masaƙun Kakuri ne. Wata 'yar Sabon Tasha, wadda duk muke kira Sista, ita ta kai mu wurin tsofaffin ma'aikata domin mahaifinta yana cikinsu. Wani dattijo ɗan Zonkwa ya yi mana bayani da Hausa mai daɗi, ya lissafa abokan aikinsa na da, da Musulmi da Kirista, ya faɗi waɗanda suka rasu suna jiran haƙƙinsu. Da muka dawo, mu uku 'yan arewacin kogi muka zauna rubutu, muka gabatar da shi a matsayin mutumin Kaje. Sista ta leƙo ta karanta, ta ɗora yatsa a kan kalmar ta ce, "Malamai, ku goge wannan. Bajju ne sunanmu."

Mun yi gardama, muka ce ai haka muka ji ana faɗa tun muna yara. Ta ce ta sani, amma ba haka masu sunan ke kiran kansu ba, kuma da yawa suna jin zafin wancan. A ranar muka koyi cewa waɗanda muke ce wa Katab su Atyap ne, Jaba su ne Ham, Kadara su ne Adara, Gwari kuma Gbagyi. Da rahoton ya fita yadda muka rubuta, da dattijon da ya ba mu awa guda na lokacinsa ya ji mun saka masa da raini, mu kuwa ba mu ma san mun yi ba.

Ba a daɗe ba gyaran ya juyo ta ɗaya ɓangaren. Wani abokinmu ɗan Narayi yana haɗa kanun labaran gwaji, ya rubuta cewa Fulani sun kai hari wani ƙauye. Wani Bafulatani ɗan rukuninmu ya ɗauko sanarwar da aka ciro labarin daga ciki, ya nuna masa cewa 'yan bindiga kawai aka ce. Ya tambaye shi: wa ya gan su, wa ya faɗa? Shi ma ya yi musu, ya ce ai kowa ya sani. Sai Sista ta tuna masa cewa da "kowa ya sani" muka kare kanmu rannan. Aka yi dariya, aka gyara. Tun daga nan "wa ya faɗa?" ta zama kamar gaisuwa a tsakaninmu.

A ɗakin muka san cewa Hausa ba tamu ce mu kaɗai ba. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma coci-coci da yawa a kudancin kogi da ita suke ibada. Idan Sista ta ce ta je sujada ranar Lahadi, taron ibadarsu take nufi, ba ɗora goshi a ƙasa ba. Marubucin da zai saka Kirista Bahaushe ko ɗan kudancin Kaduna a littafinsa bai san irin wannan ba, gunki zai sassaƙa ya ce mutum ne. Su ma a wurinmu suka san bambancin azahar da la'asar, har suka riƙa tsara lokacin ɗaukar hoto yadda ba zai ci sallah ba. Da azumi su suke riƙe kayan aiki mu sha ruwa. Naman layya ya tsallaka gada zuwa Sabo, shinkafar Kirsimeti ta tsallako zuwa Tudun Wada.

Gwajin gaske ya zo a watan Oktoba na 2018. Rikici ya tashi a Kasuwan Magani, ya yi naso zuwa cikin gari, ranar Lahadi 21 ga wata aka saka dokar hana fita ta awa 24. Kowa yana kulle a gida, wayoyi suka cika da jita-jita da tsofaffin hotuna. Saƙo ya iso mana cewa ana ƙone-ƙone a wani layi a Sabo. Muka kira Sista, ta ce tana tsaye a ƙofar gidansu a kan layin, babu abin da ke faruwa sai motar sojoji. Su kuma aka ce musu matasa sun taru a unguwarmu za su tsallako. Muka leƙa waje muka shaida musu cewa titi fayau yake. An yi asarar rayuka a garin a kwanakin nan, wannan gaskiya ne. Amma waɗannan saƙonni biyu ƙarya ne, kuma a hannunmu suka mutu, ba mu tura wa kowa ba. Mahaifiyar ɗaya daga cikinmu, wadda ta fi kowa jan kunne kan tsallaka gada, ita ta karɓi wayar ta ce, "'Yata, ki gaida mamanki, Allah Ya kiyaye ku."

Ba za mu yi muku ƙarya cewa duk abotar ta ɗore ba. Zo mu zauna, zo mu saɓa. An yi faɗa kan maki, an yi gaba kan siyasa lokacin zaɓen 2019, bayan kammala karatu kuma kowa ya koma ɓangarensa, zumuncin wasu ya tsaya a gaisuwar waya. Amma har yau idan ɗayanmu ya rubuta abin da ya shafi mutanen tsallake, ba ya sake shi sai ya tura wa wani daga can ya duba.

Wannan shi ne abin da muke so ku ɗauka, 'yan'uwa masu tasowa. Yawancinmu masu karanta mana rubutu kafin ya fita 'yan unguwarmu ne, masu tunani irin namu, kuma kuskuren da muke yi su ma ba za su gan shi ba. Ku nemi mai karatu guda daga wajen da'irarku, wanda yake jin Hausa amma ba a gidanku ya koye ta ba. Ku kira mutane da sunan da suke kiran kansu. Kafin ku jingina laifi ga wata al'umma, ko a labarin ƙirƙira ne, ku tambayi kanku wa ya faɗa. Ku kuma karanta jimlarku da ƙarfi kamar a gaban kyamara kuke, wanda kuke magana a kansa yana zaune yana kallo.

Wanda yake da irin wannan aboki, muna son jin kalmar da ya taɓa gyara masa. Allah Ya zaunar da Kaduna da Nijeriya lafiya, Ya sa alƙalumanmu su zama na gyara. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.