Dambe: Ɗan Wa Ya Faɗi?

Kafin a san gidan dambe mai katanga da tikiti, dambe wasan kaka ne. Idan an girbe gero an cika rumbu, samarin mahauta kan ɗauki makaɗan kalangu su bi garuruwa suna neman abokan karawa. A ƙasar Gwandu, inda Jega da Aliero da Maiyama suke, ranar kasuwa da bukukuwan bayan girbi su ne suka saba tara irin wannan taro, kuma kasuwar Jega ta daɗe tana jawo baƙi daga nesa.

Ɗan dambe shi kaɗai yake shiga fili. Hannu ɗaya an naɗe shi da tsumma an ɗaure tam da zare, ɗayan a buɗe yana kare fuska da shi. Turmi uku ake yi. Da zarar gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa, an yi kisa ke nan. Amma faɗuwar ba tasa ba ce shi kaɗai: ta mutanen garinsu ce, da ubangidan da ya koya masa, da makaɗin da ya gama wasa shi yanzun nan. Shi ya sa har gobe sunayen 'yan dambe ke ɗauke da na manyansu: Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane.

Sunan Shago kuwa ya samo daraja ne daga shahararren ɗan damben nan da makaɗi Ɗan Anace ya yi wa waƙa. Gabar Shago da abokin karawarsa Ɗandunawa ta raba masoya gida biyu, kuma tsofaffi a ƙasar Sakkwato da Kabi suna ba da labarinta har yau.

Da dambe ya koma sana'a a birane, irin su Kano da Dei-Dei ta Abuja, sai kishin gari ya koma kishin ɓangare: Kudu, Arewa da Guramaɗa. 'Yan ɓangare ɗaya ba kasafai suke sa zare da juna ba. Tare suke zama, su naɗa wa juna hannu, su ba da ruwa tsakanin turmi da turmi. In aka buge ƙaraminsu, babba ne zai miƙe neman fansa, ko da bai yi niyyar dambe ba ranar.

Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙira a 1991, ta riƙe nata kason. Bikin kamun kifi na Argungu, da ya samo asali a 1934, yana ware wa dambe da kokawa fili. Aliero kuma, ban da albasa, ta yi suna da masu ɗori, sana'ar da duk mai karaya ko targaɗe yake nema, balle wanda hannunsa ne jarinsa.