Sadaki: Kalmar Da Ta Haɗa Auyo Da Andalus

Duk wanda ya taɓa zama kan tabarmar ɗaurin aure a Auyo ya san lokacin da ake yin tsit. Wakilin ango ya miƙa kuɗi, waliyyin amarya ya ƙirga a gaban shaidu, sanƙira ya ɗaga murya: an biya sadaki, lakadan ba ajalan ba. Sai fatiha, sai rabon goro. To, wannan kalma ta sadaki tana da 'yar'uwa a ƙamus ɗin Sifaniyanci.

Can sunanta acidaque, ma'anarta kuma ita ce dai tamu: dukiyar da Musulmi ke ba matar da zai aura. Uwarsu ɗaya, sadaƙ ta Larabci, daga tushen da ya haifi sidƙu, wato gaskiya, da sadaka. Musulmi sun shiga Andalus, wato yankin Sifaniya, a 711, mulkinsu bai ƙare ba sai da Garnada ta faɗi a 1492. Bakin Sifaniyawa ya haɗiye kalmar har da "al" ɗinta, Bahaushe kuwa ya yar da "al", ya liƙa wasali a ƙarshe. Haka alƙalinmu yake da ɗan'uwa can, alcalde, sai dai shi yanzu magajin gari ne, ba ya yanke shari'a.

A ganina littafi ne ya yi dakon kalmar. Andalus ƙasar Malikiyya ce. Ruwayar Muwaɗɗa da malamanmu ke biyawa a zaure ta Yahaya ɗan Yahaya al-Laisi ce, mutumin Kurɗuba, wanda ya rasu a 848. Risala kuma ita ta koya wa ɗalibai cewa mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne.

Auyo tsohon gari ne, yana bin Barno ta hannun Galadima na Nguru kafin jihadi ya sa shi ƙarƙashin Haɗejia. A da yana da harshensa, dangin Badanci da Ngizimanci, amma Hausa ta cinye shi ƙurmus, baƙuwar kalma kuwa ta zauna daram.

A Sifaniya akasin haka aka yi. Acidaque ta kwanta a ƙamus tun bayan korar ragowar jikokin Musulmi da aka fara a 1609, sai ajuar, kayan ɗakin amarya, daga shuwar ta Larabci, ita ce ta rage a bakin mutane. A Auyo kuwa, har gobe liman ba ya shafa fatiha sai ya tambaya: nawa ne sadakin?