Gidajen Jinka na Shirakawa-go

A ƙauyen Ogimachi da ke Shirakawa-go, cikin tsaunukan Gifu na Japan, manoma sun daɗe suna gina gidajen katako masu jinka mai tsini, domin dusar ƙanƙara ta zame kafin nauyinta ya karya rufin. Ana kiran salon gassho-zukuri, saboda rufin ya yi kama da tafukan mai addu'a a haɗe. Ba a sa ƙusa a rufin. Igiya da rassan itace ne ke ɗaure sandunan. A da, a benen sama ake kiwon tsutsar siliki, hayaƙin murhu kuwa yana hana ƙwari cin katako. Sabunta jinkar aikin gayya ne na dukan ƙauye. UNESCO ta sanya ƙauyen cikin wuraren tarihi na duniya a 1995.